Tsohon da Na Ceta a Kano

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka surukina Kano ba. Ko na so in manta ma ba hali, domin mutanen Wurno sun ɗaukar wa kansu aikin tuna mini duk sanda na taka garin. Har yaran da ba a haifa ba a lokacin sun san labarin, kuma kowa da irin gishirin da yake ƙara masa.

Ni mutumin Sara ne ta ƙasar Gwaram, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu. Matata Rabi 'yar Wurno ce. Mahaifinta (ba zan kama sunansa ba, kun san sha'anin suruki, Baba kawai nake ce masa) dattijo ne dogo siriri, irin mutanen nan da kakanninsu suka bi shanu har suka gaji suka zauna suka kama noma. Fulatancin ya tafi, amma kunya da taurin zuciya suna nan daram. A wurin Baba, namiji shi ne wanda bijimi zai taso masa bai matsa ba. Ni kuwa Allah ya yi ni mai son zaman lafiya da duk wani abu mai ƙaho ko haƙori. Zuwana gaisuwa na farko bayan biki, wani bunsurunsu ya biyo ni, ban san lokacin da na ɗare kan turmi ba, ga sabuwar shadda, ga hula zanna. Da Rabi ta tambayi Baba yadda ya ga angon nata, sai ya ce, "Malamin nan akwai ladabi." Iyakar yabon ke nan, ni kuma na san abin da ya ƙunsa.

Shekaru muka yi a haka. In na je, tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, mu gaisa, in tambayi shanu da gona, ya tambayi yara da makaranta, shi ke nan hira ta ƙare. Ba na ɓoye muku, abin yana ci mini rai. Babban burina shi ne wata rana dattijon nan ya dube ni ya ga namiji, ko da sau ɗaya ne.

Ana nan sai yanar ido ta rufe wa Baba gani, har ta kai ba ya gane mutum sai ta murya. Aka kai shi Kano aka yi masa aiki. Da lokacin komawa ganin likita ya zo, 'ya'yansa maza duk sun yi nisa da shanu, sai Rabi ta ce ai ba wanda ya dace ya raka shi sai ni, tunda kullum ina ba ta labarin yadda na san Kano ciki da bai. (Gaskiyar magana, abin da na sani a Kano shi ne tasha, da makarantar da na yi, da hanyar da ta haɗa su.)

Tun a tashar Birnin Kudu jarrabawa ta fara. Direba ya dube mu ya ce, "Baba da Malam, ku shiga gaba ku biyu." Kujera ɗaya ce, wadda ko mutum ɗaya mai ƙiba sai ya yi haƙuri. Haka na zauna kafaɗata a jikin ta surukina, ina numfashi rabi-rabi kada cikina ya taɓa shi. Kafin mu kai Wudil ƙafata ta hagu ta mutu murus, amma ban motsa ba.

Likita ya duba ya ce ido ya warke sarai, a ci gaba da ɗiga magani kawai. Muna fitowa bakin titi Baba ya tsaya cak. Ya ɗaga baƙin tabaron da aka ba shi, ya dubi sama, ya dubi bishiyoyi, ya dubi motoci.

"Malam," in ji shi, "ashe waɗannan adaidaita-sahun rawaya ne? Ni duk zatona farare ne."

"Rawaya ne, Baba."

"To, idon nan ya daɗe da yunwa. Kafin mu koma, kai ni in ga wani abu."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini tun da na auri 'yarsa, kuma daɗi ya kama ni. Na tare mai adaidaita, na raɗa masa a kunne cewa ya kai mu duk inda baƙi ke zuwa kallo. Da ƙarfi kuma, don Baba ya ji, na ce, "Ka bi ta hanyar da ba cunkoso, na san garin."

Gidan zoo ya fara kai mu. Lokacin bayan Sallah ne da kwanaki, wurin cike da yara cikin sababbin kaya. Baba ya koma tamkar ɗayansu. Ya tsaya gaban raƙumin dawa ya yi ta tasbihi. Ya ga jimina ya ce ƙafarta ta fi ta wasu mazan. Da muka je wajen ɓauna ya daɗe yana duban ta, ya zagaya ta wancan gefe ya sake duba, sannan ya ce da za ta yarda a tatse ta da an sha nono. Ni ina biye da shi a baya ina bayani irin na malamin makaranta, rabi daga abin da na sani, rabi daga allon da ke jikin keji. Komai na tafiya daidai har muka isa wurin zaki. Yana kwance kamar ba ya numfashi, na matsa kusa ina cewa ai wannan ya tsufa. Sai ya buɗe baki ya yi hamma da wani irin gurnani. Da na dawo hayyacina, na tsinci kaina a bayan wata mai sayar da zoɓo, na riƙe murfin kularta. Baba ko gezau bai yi ba. Ya dube ni, ya dubi murfin, ya ce mu je mu yi azahar.

Bayan salla muka ratsa wani fili da ke kusa, inda aka kafa kayan wasan Sallah. Akwai dawakan katako masu juyawa, akwai ƙananan motoci masu karo da juna, ga masu tsire da masu gurasa ko'ina. Can tsakiya ga wani ƙaton lilo mai kamar ƙafar keke, yana ɗaga mutane cikin kwanduna har sama da bishiyoyi. Na yi ƙoƙarin jan hankalin Baba zuwa wajen dawakan katako. Ya nuna lilon da sandarsa ya ce, "Wancan."

Aka kulle mu a kwando ɗaya, gwiwata na gugar tasa. Da abin ya fara tashi, na ji hanjina ya tsaya a ƙasa ni na yi sama. Muna kaiwa ƙololuwa sai aka tsayar da shi don a ɗauki wasu, kwandon ya shiga reto. Na runtse ido, na karanto duk addu'ar da na sani, da ta ƙare na shiga ta cin abinci.

"Malam, buɗe idonka mana," in ji Baba. "Ni da aka yi wa aiki ina kallo, kai mai lafiyayyu biyu ka rufe. Ga Dala can, ga Goron Dutse."

Na buɗe ɗaya, na ce lallai kuwa ga su can, na mayar na rufe. Da muka sauko zuciyata ta yi baƙi. Na ce a raina, shi ke nan, an gyara wa mutum ido don kawai ya ga ragwantakata da kyau.

A ƙarshen filin akwai wani makeken tanti mai ratsin ja da fari, kiɗa na tashi daga ciki, wani da lasifika a bakin ƙofa yana kiran jama'a su zo su ga masu tafiya a kan igiya da masu cin wuta. Baba bai ma tambaye ni ba, ya nufi ƙofar. Ciki an jera bencina a zagaye, hawa-hawa, an bar fili a tsakiya da aka kewaye da ɗan gajeren shinge. Can sama an ɗaura igiya daga wannan turke zuwa wancan, da dogon tsani a jingine, da raga a shimfiɗe a ƙarƙashi. Muka samu wuri a layin gaba.

Ba mu daɗe da zama ba wani tsoho ya shigo yana dogara sanda. Ya ranƙwafa, gemunsa fari fat har ƙirji, rigarsa ta koɗe, yana tafe yana tari. Ya bi layin gaba yana neman wuri, samari na ta danna waya ba wanda ya ko ɗaga kai. Raina ya ɓaci. A Sara, yaron da ya zauna tsoho na tsaye, kafin ya isa gida labari ya riga shi. Na miƙe na kamo hannunsa, na matsa na zaunar da shi kusa da ni.

"Sannu Baba. Daga ina?"

"Daga ƙauye, ɗana," ya ce da wata murya mai karkarwa. "Jikokina na biyo, sun ɓace mini. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Na ciro ƙullin gyaɗar da na saya na ba shi. Na saci kallon surukina, na ga ya gyaɗa kai. Na ji ɗan sanyi a raina, ko ba komai ladabin nan dai yana nan.

Aka fara wasa, kuma wallahi wasa ne. Wani ya riƙa cilla wuƙaƙe sama yana cafewa. Wani ya kurɓi kananzir ya feso wuta har muka ji zafinta a fuska. Wani siririn yaro ya naɗe jikinsa ya shige cikin bokiti, aka ɗauke shi aka zagaya da shi. Masu babur biyu suka shiga wani kejin ƙarfe mai kamar ƙwallo suna zagaye ciki, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ba su yi karo ba. Baba na ta dariya yana buga sandarsa a ƙasa. Ranar na fara sanin cewa surukina yana da wushirya.

Sai wasu 'yan barkwanci biyu suka fito, sun shafe fuska da farin fenti, sun maƙala jan hanci, takalmansu kamar kwale-kwale. Suka ce suna neman jarumi ɗaya daga cikin 'yan kallo da zai hau igiya. Suka zagaya, suka zagaya, suka zo suka tsaya a gabanmu. Na ɗauka ni za su kama. Sai suka cafke tsohon nan. Ɗaya ya fizge sandarsa, ɗaya ya cire masa hula ya ɗora a kansa, suka ja shi zuwa tsakiyar fili.

"Ku ji tsoron Allah, 'ya'yan nan," yake cewa. "Ni sa'an kakanku ne. Ƙafata ba ta da lafiya."

Jama'a suka kwashe da dariya. Ni kuwa jinina ya fara tafasa. Suka tura shi kan tsani, yana hawa yana kyarma, suna zungurinsa da sandarsa ta baya. Ya yi nisa kaɗan sai ƙafarsa ta zame, ya rage yana reto da hannu ɗaya yana salati. Mutanen birni suna ta tafi, har da masu riƙe ciki. Na waiwaya na dubi Baba, na ga dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, ya ɗaure ta tamau.

A nan zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah. Rabin abin da ya tashe ni tausayin tsohon ne. Ɗaya rabin kuwa sabon idon surukina ne. Na cire takalmana na ajiye a gabansa (har yau ban san dalili ba, ina jin sabo ne), na tattare riga na ɗaure a ƙugu, na tsallake shingen.

Ɗan barkwancin farko na tura da kafaɗa. Turawar ba ta kai ta kawo ba, amma sai ya yi sama ya juya ya faɗi warwas, mai ganga kuma ya buga masa "dum" daidai faɗuwar. Na ji ƙarfi ya zo mini, ashe haka nake ban sani ba. Na juya kan na biyun, na ɗaga yatsa, na saki muryar da nake yi wa 'yan aji shida.

"Ku ba ku da iyaye ne? A gidanku haka aka koya muku? Ku kuma da kuke dariya, in mahaifinku ne fa?"

Ashe akwai 'yar makirfo a maƙale a wuyan rigarsa, maganata ta fita ta kowace lasifika a tantin. Jama'a suka ɗauki tafi. Na ɗauka wa'azina ne ya ratsa su.

Na kama tsani na fara hawa. Ni ɗin nan da na rufe ido a lilo. Ban dubi ƙasa ba, na hau har na kamo ƙafar tsohon. Sai na ji ya sunkuyo yana magana ƙasa-ƙasa, da wata murya daban, garau ba karkarwa.

"Malam, don Allah sake ni. Aiki nake."

Na ce a raina tsoro ya gigita bawan Allah har ya fara sambatu. "Kada ka damu, Baba," na ce, "ina nan, ba abin da zai same ka."

"Malam, ka sauka, za ka ɓata mana wasa."

Ya fara fizge ƙafa, ni kuma na ƙara hawa na rungumo ƙugunsa. Ya zille, na kai hannu sama don in kamo wuyan rigarsa, hannuna ya faɗa cikin gemu. Na riƙe gam. Ƙafata ta zame, na tafi ƙasa, gemun kuma ya biyo ni.

A cikin raga na faɗa, ta cilla ni sama ta sake karɓa. Na ɗaga hannu na ga gemu fari fat, cikakke, har da gashin baki. Na shiga salati. Duk tunanina na tuge wa dattijo gemu tun daga tushe, ina ta juya shi ina neman jini. Kafin in gama, koɗaɗɗiyar rigar nan ta faɗo ta rufe mini kai. Da na yaye ta na dubi sama, sai ga wani saurayi wanda ko gashi ɗaya babu a haɓarsa, cikin matsattsun kaya masu ƙyalli, yana haye tsanin da gudu. Ya taka igiya ya yi tafiyarsa har tsakiya, ya yi tsalle ya juya a iska ya dira a kanta. Sannan ya zauna a kan igiyar ya harɗe ƙafa, ya ciro ƙullin gyaɗata, ya ɓare ɗaya ya jefa a baki, ya ɗago mini hannu.

Tantin ya kusa tsagewa. Mutane suka miƙe tsaye, wayoyi duk sun juyo kaina. Rabinsu sun ɗauka ni ma ɗan wasan ne. Mai lasifika ya ce a tafa wa Malam mai ceton tsofaffi. Wanda na ture ya taso yana ɗingishin ƙarya, ya ɗaga hannuna sama kamar na ci dambe, ɗayan kuma ya cire jan hancinsa ya maƙala mini. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ba ta tsage ba. Haka na tako zuwa bencinmu, ba takalmi, riga a ɗaure a ƙugu, jan hanci a fuska, gemun mutane a hannu, na durƙusa a gaban surukina don ban san me kuma zan yi ba.

Baba ya cire tabarau yana share ido da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Ya tura mini takalmana da sandarsa.

A bakin ƙofa saurayin nan ya tare mu ya karɓi gemunsa. Ya rusuna ya gaida Baba da ladabi, ya ce mini ya gode da gyaɗa. Ya ƙara da cewa maigidansu na tambaya ko zan samu dawowa gobe, don tun da suka fara wasan nan ba a taɓa yi musu tafi irin na yau ba. Na ce ina da aji.

Muka yi la'asar muka shiga mota, kujerar gaba dai, mu biyu. Ni ina ta lissafin yadda zan nemi a mayar da ni wata makaranta can bayan Gwaram inda ba mai waya. Sai da muka hau gadar Wudil Baba ya yi gyaran murya.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Riga ni kawai ka yi. Sandata ce ta maƙale a ƙarƙashin benci, ina cikin lalubenta na ga ka tsallake. Da yanzu ni ne da gemun nan a hannu, da furfurata da komai."

Na juyo na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Ka ɗauke mini kunya," ya ce. "Kuma mutumin da ke tsoron lilo, amma ya hau tsani saboda tsohon da bai sani ba, ba matsoraci ba ne." Ya gyara zaman tabaronsa. "Wauta dai akwai ta."

Dariya ta ƙwace masa, ni ma ta ƙwace mini, direba da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ma ya taya mu. Hawaye na zuba mini, kuma ba duka na dariya ba ne. Kafin mu isa gida Baba ya ce maganar sandar nan ta tsaya tsakaninmu, kada wani ɗan Wurno ya ji. Na yi alkawari, kuma na riƙe shi (ku ai ba 'yan Wurno ba ne). Shi kuwa washegari tun da hantsi ya zauna a ƙofar gida ya ba duk garin labarina, tiryan-tiryan, har yana tashi tsaye yana kwaikwayon yadda na faɗa raga. Nasa ɓangaren ko da wasa bai taɓo ba.

Amma tun daga ranar, in baƙo ya zo ya tarar da ni a gidan, Baba kan nuna ni ya ce, "Surukina ne. Yana da zuciya. Sai dai in za ku wurin wasa, ku zaunar da shi a layin baya." Ni kuma na karɓa hannu biyu, don rabin farkon nake nema tun tuni.

Abin da na koya bai da yawa. Har gobe in na ga tsoho a tsaye zan tashi in ba shi wuri, wannan ba zan bari ba. Amma a birni, in tsoho ya yi ihun neman taimako, nakan fara dubawa ko akwai mai ganga a kusa. In kuma wautar ta zama dole, to ina roƙon Allah ya sa in yi ta a gaban wanda shi ma yake laluben sandarsa.